Babi Na Shida: Hazon Hunturu da Tulin Ƙasar Arlit

Da zarar an gama kai amfanin gona gida, sanyi ya fara shigowa, sararin Kongolam yakan yi fari fat. Mai shago zai goge kantarsa da safe, kafin azahar ya iya rubuta sunansa da yatsa a kanta. Direbobin manyan motoci da ke jiran a duba takardunsu a bakin iyaka sukan ja rawani su rufe hanci, leɓɓan yara su tsattsage, tari ya bi gida gida. A irin wannan lokaci ne ake yawan jin tambayar nan a majalisa da teburin mai shayi: wai wannan ƙurar ba daga wurin haƙar yuraniyom na Nijar take tasowa ba? Anya ba guba muke shaƙa ba?

Tambayar ta ƙara ƙarfi tun bayan juyin mulkin da aka yi a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, lokacin da maganar yuraniyom ta cika gidajen rediyo da wayoyin hannu. Mai yin ta bai yi wauta ba. Iska ba ta tsayawa a shingen kwastan, kuma lallai akwai tulin ƙasa mai haɗari a arewa da mu. Sai dai kafin a ce e ko a'a, sai mun san mene ne a cikin tulin, yaya yake cutar da jiki, wa ya fi kusa da shi, kuma daga wace kusurwa hazonmu yake zuwa.

Hanyar da ta haɗa mu da Arlit

Wanda ya tsallaka iyaka daga Kongolam ya bi ta Matamai zuwa Damagaram, ya miƙe arewa ta Tanut har Agadas, saura masa tafiyar kilomita kusan 240 ya isa Arlit. Garin yana yamma da duwatsun Abzin, a wurin da ruwan sama bai cika kai milimita 100 a shekara ba. Ma'adini ne ya kafa shi. Masu binciken ƙasa na Faransa sun ci karo da yuraniyom a Azelik a 1957 suna neman tagulla, daga nan aka faɗaɗa bincike har aka kai ga Arlit. An kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, ya fara fitar da kaya a 1971 daga manyan ramuka na fili. An kafa COMINAK a 1974, ya fara aiki a 1978 a Akuta, inda ake shiga ƙarƙashin ƙasa zurfin mita kusan 250. Garin Akokan ya tashi ne a gefen wannan ma'adini na biyu. A da, babban mai hannun jari a duka biyun kamfanin gwamnatin Faransa ne, wanda ya yi suna Cogema, ya koma Areva, sannan Orano daga 2018.

Abzinawa ne masu ƙasar, amma aiki ya tara mutane daga ko'ina. Duk wanda ya san garin ya san Hausa ce yaren kasuwa. Mutanen Damagaram da Maraɗi da Tawa sun yi leburanci da tuƙi da gadi a can, 'yan Kance da Matamai na zuwa ci-rani, 'yan kasuwarmu na kai hatsi da kayan masarufi. Mutum fiye da 100,000 ke zaune a Arlit da Akokan. Saboda haka idan ana maganar waɗanda ke kwana kusa da tulin, da 'yan'uwa da surukai da abokan ciniki ake.

Tsaba da dusa

Duk matar da ta taɓa yin surfe ta san aikin: a zuba gero a turmi, a yayyafa ruwa, a daka, a sheƙe, tsaba ta koma gefe guda, dusa ta koma gefe guda. Sarrafa yuraniyom ma haka yake, sai dai dusar ta ninka tsabar sau ɗaruruwa. A ton guda na dutsen Arlit, wato kilo 1,000, yuraniyom ɗin da ke ciki 'yan kilo ne, daga biyu zuwa biyar. Ana fasa dutsen, a niƙe shi, a jiƙa shi da asid irin na ruwan batir, asid ɗin ya narkar da yuraniyom ya fito da shi. A tace, a busar, a sami gari mai ruwan ɗorawa, a ɗura a ganguna. Shekara da shekaru tireloli sun yi ta ɗaukar gangunan suna bi ta Tawa da Doso da Gaya zuwa tashar jiragen ruwa ta Kwatano, daga can sai Faransa. Wannan kaya bai saba bi ta Kongolam ba.

Abin da ya rage bayan an tsame tsabar, wato laka mai laushi da ta sha asid, shi ake turawa bayan masana'anta a zube a fili. Wannan ita ce dusar. Lokacin da COMINAK ya rufe ranar 31 ga Maris 2021, ya riga ya fitar da yuraniyom ton kusan 75,000, ya bar dusa ton kusan miliyan 20. Tulin ya mamaye hekta 120, tsayinsa a wasu wurare ya kai mita 35, kuma 'yan kilomita ne tsakaninsa da gidajen Akokan. SOMAÏR ma yana da nasa tulin.

Mutum zai ce, to ai an cire mai gubar, saura ƙasa. Nan ne kuskuren yake. Yuraniyom a cikin dutse ba shi kaɗai yake zaune ba. A hankali yake rikiɗa ya zama wani sinadari, wannan ma ya rikiɗa ya zama wani, har matakai goma sha huɗu kafin a tsaya a kan dalma. A kowane mataki ana fitar da wani irin tiriri da ido ba ya gani, hanci ba ya ji, fata ba ta ji, wanda masana ke kira radiyeshan. Asid ɗin masana'anta yuraniyom kaɗai yake nema. Sauran 'ya'yansa da jikokinsa, irin su toriyom da radiyom da poloniyom, duk suna komawa cikin dusa. Shi ya sa kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari na tiririn da ke cikin dutsen tun asali yake zama a tulin. Ga kuma wani ƙari: dā dutse ne dunƙule a binne ƙarƙashin ƙasa, yanzu gari ne a sarari, a inda iska ke da ƙarfi kuma babu ciyawar da za ta riƙe shi.

Har yaushe zai daina?

Kowane irin sinadari mai tiriri yana da wa'adin da rabinsa ke ƙarewa. Na radiyom shekara 1,600 ne. Da a ce an tara buhu guda na radiyom a shekarar da aka yi Hijira, da yau fiye da rabin buhun yana nan yana aiki. Kuma a tulin Akokan radiyom ɗin ba ya ma samun damar raguwa yadda ya kamata, domin toriyom da ke haifar da shi nasa wa'adin shekara kusan 75,000 ne. Ma'adinin ya yi aiki shekara 43. Abin da ya bari zai wuce duk wata gwamnati da duk wani kamfani da muka sani.

Shi radiyom yana haifar da radon, wanda iska ne, ba shi da launi ba shi da wari. Radon yana sulalowa daga tulin dare da rana, haka kuma a da yana fitowa daga bututun da ake zuƙo gurɓatacciyar iska da su daga ramukan ƙarƙashin ƙasa. Wa'adinsa gajere ne, kwana huɗu ba kaɗan, amma idan ya rikiɗa sai ya koma ƙananan ƙwayoyi masu manne wa ƙurar da ke yawo. Ke nan abu biyu ke tashi daga tulin da ba a rufe ba: garin dusar kansa idan iska ta kaɗa, da radon ko da iska ta kwanta.

Abin da ƙura ke yi a huhu

Tiririn nan iri iri ne. Akwai wanda ake kira gama, mai ratsa jiki da bango, wanda ke samun mutum ko da tsayawa kawai ya yi kusa da abin. Akwai kuma alfa, wanda takarda guda ke tarewa, ko fatar jiki ma ba ya iya ratsawa. Mafi yawan haɗarin ƙura daga alfa yake, kuma dalilin shi ne a cikin huhu babu fata mai kauri. Ƙwayar da ta shiga ta zauna a can tana harbin naman da ke manne da ita kai tsaye, yau da gobe, har ta lalata tsarin da ke gaya wa ƙwayoyin jiki lokacin da za su daina hayayyafa. Daga nan ciwon daji ke farawa.

Girman ƙurar ma yana da muhimmanci. Mai kaurin nan da ke shiga ido, ta sa haƙora ƙaras-ƙaras, gashin hanci da majina suna kama ta, a fyace ko a yi kaki ta fita. Wadda ta fi illa ita ce mai laushin da ba a gani sai hasken rana ya shigo ta taga. Ita ke wucewa can ƙarshen huhu ta zauna. Wata kuma ta sauka a kan tuwo, ko kilishin da aka shanya, ko hannun yaron da ke rarrafe, ta shiga ciki. Radiyom idan ya shiga jini yakan nufi ƙashi, yuraniyom kuma yana wahalar da ƙoda.

Wannan ilimi ya daɗe. Tun ƙarni na 16 aka lura masu haƙar azurfa a duwatsun da ke tsakanin Jamus da ƙasar Cek suna mutuwa da ƙuruciya da wani ciwon ƙirji, a 1879 likitoci suka gane ciwon dajin huhu ne. Haka ya faru da 'yan ƙabilar Nabaho da suka haƙa wa Amurka yuraniyom bayan Yaƙin Duniya na Biyu, har majalisar ƙasar ta yi dokar biyan su diyya a 1990. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa radon a matsayi na biyu, bayan taba, cikin abubuwan da ke kawo ciwon dajin huhu, ta kuma ce haɗarinsa ga mai shan taba ya ninka na wanda ba ya sha kusan sau 25.

Abin da ya sa lamarin ke da wuyar kamawa shi ne jinkiri. Ciwon yakan ɗauki shekara goma, ashirin, ko fiye kafin ya bayyana. Lebura ya gama aiki, ya koma ƙauyensu a ƙasar Damagaram, bayan shekaru ya kama tari da rama. A ba shi maganin tarin fuka, a yi rubutu, a ce ciwon ajali. Sunansa ba zai shiga lissafin kowa ba.

Abin da aka auna a Akokan

Mutanen garin ne suka fara ɗaga murya. Almoustapha Alhacen, ma'aikacin SOMAÏR, shi da wasu suka kafa ƙungiyar Aghirin'man bayan sun ga abokan aiki na mutuwa da cututtukan da ba a yi musu bayani ba. Su suka gayyato CRIIRAD, wani ɗakin bincike mai zaman kansa na Faransa, a Disambar 2003. An ƙwace manyan na'urorin masu binciken a filin jirgin sama na Yamai, amma da ƙananan da suka rage suka gano ƙarafa masu tiriri ana sayarwa a kasuwar Arlit.

A Nuwambar 2009 ƙungiyar Greenpeace ta je, ta fitar da rahoto a 2010. A wani wuri a kan titin Akokan na'urarsu ta nuna tiriri da ya ninka na yau da kullum kusan sau 500, saboda an yi cikon hanya da duwatsun da aka fito da su daga ma'adini. Cikin samfurin ruwa biyar da suka ɗiba, huɗu sun wuce iyakar yuraniyom da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a kai. A 2016 Amina Weira, wadda mahaifinta ya yi aiki a ma'adinin, ta fitar da fim ɗinta mai suna La Colère dans le vent, inda tsofaffin ma'aikata da matan garin suka faɗi abin da suke gani da bakinsu.

Kamfanin na Faransa yana da nasa bayani. Ya ce ƙarin tiririn da mazauna garin ke samu bai wuce iyakar doka ba, wato milisibat ɗaya (ma'aunin tiriri ke nan) a shekara a kan abin da kowa ke samu daga ƙasa da sama, wanda matsakaicinsa a duniya milisibat 2.4 ne. Ya bi tituna ya kwashe wuraren da aka nuna. Bayan rufe COMINAK ya sanar da aikin da zai ci kuɗin Sefa biliyan 95, wanda ya haɗa da lulluɓe tulin da laka da dutse mai kaurin mita biyu. Masu bincike masu zaman kansu sun ce murfin mita biyu ba zai yi tsawon ran abin da ke ƙarƙashinsa ba sai da sa ido na dindindin. Kuma ko ba komai, tulin ya yi shekara arba'in a buɗe kafin a fara maganar rufe shi.

A 2024 gwamnatin Nijar ta janye lasisin Orano na ma'adinin Imuraren, a Yunin 2025 ta sanar da mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa. Mutane da yawa sun yi murna, ganin cewa ƙasar da ma'adininta ya haska biranen Turai har yanzu mafi yawan 'ya'yanta ba su da lantarki. Sai dai wanda ya gaji gona ya gaji ƙayarta. Ko wane ne ke riƙe da ma'adinin, tulin yana nan a gefen Akokan, kuma dole a san wanda zai biya kuɗin tsaronsa.

Daga ina hazonmu yake zuwa?

Yanzu mu dawo kan tambayar Kongolam. Idan aka ja layi miƙaƙƙe, tsakanin Arlit da ƙasar Daura ya haura kilomita 600, kuma Arlit tana arewa ne da ɗan karkata yamma. Iskar hunturu kuwa daga arewa maso gabas take busowa. Abin da ta ɗauka a Arlit yawanci kudu maso yamma take yi da shi, ba wajenmu ba.

Hazon da ke rufe Daura da Katsina da Kano mafi yawansa daga Chadi yake. A arewa maso gabashin Tafkin Chadi akwai wani kwari da ake kira Bodele, gindin wani tafki ne da ya ƙafe dubban shekaru da suka wuce. Ƙasarsa fara ce, mara nauyi, ragowar ƙananan halittun ruwa. Iska na matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta ƙara gudu, ta kwashi wannan farar ƙasa ta yi sama da ita. Babu wuri guda a duniya da ya kai Bodele tayar da ƙura, har wani kaso nata yana tsallake Tekun Atlantika ya sauka a dajin Amazon. Farin da ke kan kantar mai shago a Kongolam, galibinsa wannan ne.

Ko a ranar da iska ta juyo daga arewa sak, nisa yana aikinsa. Ƙwayoyi masu nauyi suna faɗuwa kusa da tulin, cikin 'yan kilomita. Masu laushi suna tafiya, amma kowane kilomita suna ƙara bajewa, suna cakuɗa da ƙurar hamada mai ɗimbin yawa, har su narke cikin abin da ƙasa ke da shi tun asali. Domin ita ma ƙasar gonarmu tana ɗauke da yuraniyom ɗan kaɗan, kamar giram biyu ko uku a kowane ton, haka Allah ya halicce ta. Shi ma radon a fili yake watsewa. Haɗarinsa yana taruwa ne a rami, ko ɗakin da ba iska, ko unguwar da ke jikin tulin.

Amsar ke nan: hazon da muke shaƙa a Kongolam ba dusar Arlit ba ce. Haɗarin irin wannan ƙura yana bin abu biyu, kusanci da daɗewa. Wanda ya kwana shekara talatin a Akokan shi ne a bakin wuta. Amma wannan bai wanke hazonmu ba. Ƙura mai laushi ko daga ina ta zo tana tayar da asma, tana wahalar da jarirai da tsofaffi da masu ciwon zuciya, kuma lokacinta ne lokacin sanƙarau.

Tsoron yana da asali

Dattawa suna da dalilin zargin iskar arewa. Ranar 13 ga Fabrairun 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko a Reggan, cikin hamadar Aljeriya. An yi zanga-zanga a Ghana da Najeriya, kuma bayan gwaji na uku gwamnatin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961, ta hana jiragen ƙasar na sama da na ruwa sauka. Bam yana cilla burɓushinsa can ƙololuwar sama, inda iska ke iya kai shi ƙasashe masu nisa. Tulin dusa kuwa a ƙasa yake, yana ba da nasa kaɗan kaɗan, ga maƙwabtansa, har tsawon zamani. Haɗari biyu ne mabambanta, kuma na biyun ya fi saurin mantuwa domin ba ya ƙara.

Yadda wasu suka yi da tasu dusar

A garin Grand Junction na Amurka, cikin shekarun 1950 da 1960, an bar magina suna ɗibar dusar yuraniyom kyauta saboda ta yi kama da yashi mai kyau. Aka yi cikon harsashi da daɓen gidaje da makarantu da ita. Da aka gano radon na taruwa a ɗakuna, sai da aka bi wurare fiye da 4,000 ana fasa daɓe ana kwashewa. A 1978 ƙasar ta yi doka ta musamman kan irin waɗannan tuli. A Moab, a 2009 jirgin ƙasa ya fara kwashe tulin ton miliyan 16 daga bakin Kogin Kolorado zuwa wani rami da aka tanada nesa da gari. A Munana ta ƙasar Gabon, inda kamfanin Faransa ya yi haƙa daga 1961 zuwa 1999, sai da aka rushe gidaje kusan 200 aka sake gina su, saboda an yi su da ƙasar ma'adini.

Duk inda aka yi gyara, mataki ɗaya ne: a rufe tulin da laka mai kauri don kada radon ya fita kada ruwa ya shiga, a ɗora dutse don kada iska ta kwashe lakar, a kewaye, a ci gaba da aunawa, a kuma bayyana sakamakon ga jama'a. Kuma kusan ko'ina, sai da mutanen wurin suka matsa kafin a yi.

Namu na gida

Ba a taɓa kafa masana'antar sarrafa yuraniyom a ƙasar Daura ko Katsina ba. Amma Najeriya tana da irin nata tulin. A Jos da Bukuru da kewaye, haƙar kuza ta fiye da shekara ɗari ta bar yashi mai ɗauke da monazait, wani ma'adini mai toriyom a ciki. Masu bincike na jami'o'inmu sun auna tiriri mai yawa a wuraren wanke kuza, ga shi kuma ana ɗibar yashin ana gini, yara na wasa a kai.

Zamfara kuwa ta nuna mana abin da ƙurar ma'adini ke yi idan ta shigo tsakar gida. A 2010, a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma, ana kawo dutsen zinare gida ana daka shi a turmi, ana niƙa shi a injin niƙan hatsi. Dutsen yana da dalma. Yara fiye da 400 suka rasu. Dalma ba ta da tiriri, amma hanyar da ta bi ita ce dai: daga dutse zuwa gari, daga gari zuwa iska da hannu da baki. Ganin yadda haƙar ma'adinai ta gargajiya ke bazuwa a arewa, wannan ya fi kusa da mu fiye da Arlit.

Abin da ke hannunmu

Wanda ya taɓa aiki a Arlit ko Akokan, ko ya daɗe a can, idan tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko ya ga jini a kaki, ya je asibiti ya gaya wa likita irin aikin da ya yi da yawan shekarun. Wannan magana guda tana iya sauya irin gwajin da za a yi masa. In yana shan taba, barinta ita ce babbar kariyar da ta rage masa. Kada a yi bulo ko daɓe da ƙasar da aka kwaso daga bakin ramin ma'adini, komai laushinta da arharta. Kada a daka dutse a gidan da ake girki. Mai aikin haƙa ya bar kayan aikinsa a can, ya yi wanka kafin ya ɗauki ɗansa. A lokacin hazo a yayyafa ruwa kafin shara, a goge kaya da jiƙaƙƙen tsumma, a rufe abinci da randa. Rawani da mayafi suna tare ƙura mai kauri, mai laushin kuwa sai takunkumi mai kyau da ya kama fuska.

Sauran aikin na hukuma ne, kuma haƙƙinmu ne mu nema. Najeriya tana da hukumar kula da harkokin nukiliya, NNRA, da ta fara aiki a 2001, tana kuma da cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, mai na'urori da masanan da za su iya gwada ƙura da ƙasa da ruwa. Nijar ma tana da tata hukumar. Ɗibar ƙurar hunturu a Kongolam da Daura a gwada ta, a karanta sakamakon a rediyo da Hausa, ba aiki ne mai tsada ba, kuma shi zai kashe jita-jita. Su kuma mutanen Akokan, abin da suke nema tun 2003 bai sauya ba: a rufe tulin da kyau, a bar masu bincike masu zaman kansu su auna, a duba lafiyar tsofaffin ma'aikata har da 'yan kwangila, a duk inda suka koma. Muryar maƙwabci tana ƙara wa irin wannan kira nauyi.

Iska dai ba ta kawo mana dusar Arlit, amma akwai abin da ke tafiya a kan taya. Tsofaffin bututu da ganguna da ƙarafan da suka yi shekaru cikin asid da laka a masana'anta sun fita kasuwa, an yi ƙofofi da kayan girki da su, kuma ƙarfe ba ya zama wuri ɗaya. A babi na gaba za mu bi sawun 'yan gwangwan, mu ga yadda tsohon ƙarfe ke ratsa iyakoki, abin da ya faru a birnin Goyaniya na Brazil a 1987 lokacin da masu jari-bola suka fasa wata na'urar asibiti, da kuma yadda ƙaramar na'urar awo a bakin iyaka za ta iya tsare gari guda.